Gwanin Da Ke Kai Murya Sahun Ƙarshe

Da an gama girbi a ƙasar Gwaram, hatsi ya shiga rumbu, 'yan kuɗin riɗi sun shiga aljihu, sai taruka su kankama. Yau wa'azi a Dingaya, gobe saukar karatu a Sara, jibi ɗaurin aure a Kila ko Basirka, ga Maulidi in watansa ya kama, ga 'yan siyasa in kakarsu ta zo. A kowane taro akwai mutum ɗaya da ba a sa sunansa a takardar gayyata, ba a kuma cika tunawa da shi wajen jawabin godiya, alhali in ya yi sake taron ya tashi a banza. Shi ne mai lasifika. Yara na ce masa injiniya, shi kuma ba ya musu.

Kayan aikinsa ba su fi a ɗaure a bayan babur biyu ba. Akwai amfilifaya, wato akwatin ƙarfen nan mai maɓallan murɗawa, wanda ke karɓar 'yar wutar da makirufo ya haifar ya ƙara mata ƙarfi. Akwai lasifika mai bakin ƙaho, biyu ko huɗu, galibi ƙirar Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan, irin waɗanda ake sarowa daga kasuwar Sabon Gari a Kano. Sai makirufo, da damin waya, da janareta ko batirin mota, da doguwar gora, da igiya, da filaya, da sukudireba, da wani ɗan batirin tocila da ba ya rabuwa da aljihunsa na gaba. Duk mai kuɗi zai iya tara waɗannan kaya a yini ɗaya. Wajen kafa su ne ake gane wanda ya iya.

Malalaci yakan iso ana shimfiɗa tabarmi. Ya jingine ƙaho biyu a kan benci kusa da kujerar malam, ya murɗa maɓalli har ƙarshe, ya koma gindin darbejiya yana latsa waya. Gwani kuwa tun bayan azahar yake zuwa, ko da taron sai bayan isha'i, kuma ba ya fara kwance kaya sai ya taka filin. Yana ƙirga taku daga inda malam zai zauna zuwa inda yake zaton sahun ƙarshe zai tsaya. Ya duba ɓangaren mata. Ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya, ya kasa kunne ko wani bango zai maido masa da tafin. Ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali, ya ga inda iska ta yi da ita. Mai kallo zai ce ɓata lokaci yake yi. Lissafi yake yi, kuma lissafin na da zurfi.

Sauti dai girgizar iska ce. Maƙogwaro ya girgiza ya matsa iskar da ke gabansa, ita ma ta matsa ta gabanta, matsin ya yi ta tafiya da gudun kusan mita 343 a sakan ɗaya in zafin gari digiri 20 ne, ya ɗan ɗara haka a zafin bazara. Abin da masana ke kira ƙarfin sauti shi ne yawan kuzarin da ke ratsa fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya a kowane sakan. Da wat ake auna shi, irin wat ɗin da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Mafi ƙanƙantar sautin da kunnen matashi lafiyayye ke kamawa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan na wat ɗaya. Sautin da ke fara sa kunne zafi kuwa yana wajen wat ɗaya cif. Tsakanin biyun akwai ninki tiriliyan ɗaya, wato ɗaya da sifiri goma sha biyu a bayansa, kuma kunne guda ne ke ɗaukar su duka, daga motsin ganye zuwa tsawa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙera shi.

Gaɓar da ke da irin wannan faɗin ba za ta yi ƙidaya irin ta 'yan kasuwa ba, ɗaya, biyu, uku. Kunne ninki yake ji, ba ƙari ba. In ana ba ƙaho wat 1 aka mai da shi 2, za a ji ya ɗan motsa. In ana ba shi wat 50 aka mai da shi 51, ƙarin ɗaya ne da na farko, amma ba kunnen da zai lura. Wani masani Bajamushe, Gustav Fechner, ya rubuta wannan ɗabi'a ta gaɓoɓin ji a littafinsa na 1860. Daga baya injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka suka buƙaci ma'aunin da zai nuna yadda murya ke raguwa a cikin doguwar waya, suka tsara shi a kan ninki, a 1928 suka raɗa masa suna desibel don tunawa da Alexander Graham Bell. Dabarar mai sauƙi ce: a bar ƙirga lambar gaba ɗaya, a ƙirga sifirinta. Ninki 10 shi ne desibel 10. Ninki 100 desibel 20. Ninki 1,000 desibel 30. Wannan ƙirgar sifiri ita ce 'yan makaranta ke kira logaridim suna tsoronta. Da ita tiriliyan ɗin nan ya tsuke ya zama tsani mai hawa daga 0 zuwa 120. Raɗa tana wajen 30, hira ta yau da kullum tana wajen 60. A takarda kamar ninki biyu ne, a kuzari kuwa hira ta ninka raɗa sau dubu.

Daga nan lambobi uku suka fito, kuma duk aikin mai lasifika a kansu yake tafiya, ko ya san sunansu ko bai sani ba. Ta farko ita ce 3. In ka ninka ƙarfi sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Janareta mai ƙarar desibel 80, in aka tayar da ɗan'uwansa a gefensa, ba 160 za a samu ba, 83 za a samu. Ta biyu ita ce 10. Kafin kunne ya yarda cewa sauti ya ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato sai an ninka ƙarfin sau goma. Shi ya sa in shugaban kwamitin taro ya zo a gurguje yana cewa, "Injiniya, ƙaro mana ƙaho biyu, na baya ba sa ji," sai gwani ya amsa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ba ƙari suke so ba, ɗagawa suke so." Ya san ƙaho biyu a kan biyu ɗan motsi ne kawai zai kawo, ga shan mai, ga zafin inji.

Ta uku ita ce 6, kuma ita ce uwar sauran. Sauti in ya bar bakin ƙaho buɗewa yake yi, sama da ƙasa da gefe. In nisa ya ninka sau biyu, filin da zai rufe ya ninka sau huɗu. Ɗauki mudu ɗaya na gero ka shanya a tabarma ɗaya, sannan ka kwashe shi ka shanya a tabarma huɗu: geron bai ragu ba, amma kowace tabarma rubu'i ta samu. Rubu'in ƙarfi a harshen desibel shi ne ragin 6. Saboda haka a buɗaɗɗen fili, duk lokacin da ka ninka nisanka daga ƙaho, desibel 6 sun zube.

Bari mu sa lambobi mu gani. A ce an rubuta a takardar ƙaho cewa yana ba da desibel 105 a nisan mita ɗaya in an ba shi wat ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne ga irin waɗannan ƙahoni. In aka ba shi wat 30, an ƙara kusan 15, ya zama 120 a bakinsa. A mita 2 ya koma 114, a mita 4 ya koma 108, a mita 8 ya koma 102, a 16 ya koma 96, a 32 ya koma 90, a 64 ya koma 84. Yanzu dubi aikin malalacin nan da ya ajiye ƙaho a kan benci. Yaron da ke zaune taku biyu daga bencin yana shan 114, dattijon da ke can ƙarshe yana samun 84 a lissafi, tazarar desibel 30, ninki dubu. A zahiri ma dattijon bai samu 84 ɗin ba, domin jikin mutanen gaba da manyan rigunansu sun shanye rabo mai yawa kafin ya wuce su. Na gaba suna toshe kunne, na baya suna cewa a ƙara, kuma duka ɓangarorin gaskiya suke faɗa.

Amfanin gora ke nan. Gwani yakan haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, ya kafa gorar, ya ja mata igiya uku ya ɗaure a turaku don kada iska ta juya ta. In akwai doguwar bishiya ko soron masallaci a inda ya dace, ya huta da haƙa. Yakan hau da kansa, domin karkatar bakin ƙaho ba aikin da ake aika yaro ba ne. Yana auna bakin da ido, ya saita shi ya nufi wajen kashi biyu cikin uku na tsawon filin, ya ɗan sunkuyar da shi ƙasa kaɗan. Da ƙahon ya hau mita shida, kunnen da ya fi kusa da shi ya koma nisan mita bakwai ko takwas, kuma ba ya kan tsakiyar harbin, sai gefensa. Na gaba ya sauko ƙasa da 102, na baya ya samu hanya a buɗe ta saman kawuna. Tazarar 30 ta dawo ƙasa da 18, ba a ƙara ko wat ɗaya ba. Ladanan da suka riƙa hawa hasumiyar Gobarau a Katsina ɗaruruwan shekaru kafin a san lantarki, wannan ribar suke ci. Lasifika ma ba ta daɗe da hawa hasumiya ba, domin masallacin Sultan na Singafo, wanda ake lissafawa cikin na farko da suka kafa ta, a 1936 ya yi.

Shi kansa ƙahon abin tsayawa a duba ne. A ƙeyarsa akwai wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da masu sana'ar ke kira yunit. A ciki akwai maganaɗisu, da koyil, wato siririyar wayar tagulla da aka naɗa zobe, da wani ɗan faifai marar kauri da ke manne da koyil ɗin. Wuta ta ratsa koyil, maganaɗisu ya ja shi ya tura shi, faifan ya girgiza. Faifan nan bai fi tafin hannun yaro ba, kuma da a sarari aka bar shi da iska ta riƙa zamewa ta gefensa, ba abin da zai fita sai ɗan tsiwa. Sai aka tsare iskar a wani siririn maƙogwaro inda ba ta da wurin gudu, dole ta karɓi turin, sannan aka buɗe mata hanya sannu a hankali har zuwa faffaɗan baki. Tsinin nan da ake gani a tsakiyar ƙaho hanyar ce aka lanƙwasa ta koma baya ta sake dawowa, don ta yi tsawo ba tare da ƙahon ya yi tsawo ba. Da wannan siffa ƙaho ke ba lasifikar akwati ratar desibel 10 ko fiye a kan wat ɗaya, abin da ya sa batirin mota guda ke iya riƙe wa'azin dare. Maƙeran kakaki sun riga kowa sanin sirrin: siririn wuya mai tsawo, baki mai buɗewa, sai ga leɓɓan mutum ɗaya sun cika ƙofar fada.

Bayan ƙaho sai janareta, kuma a nan ne rago ke tona kansa. Magana ba ta fita sarai sai ta ɗara hayaniyar da ke kewaye da ita da desibel 10 zuwa 15. Hanya biyu ce: ko a ɗaga magana, ko a sauke hayaniya. Rago yakan ajiye janareta mita huɗu daga jama'a saboda gajeriyar waya ce da shi, sannan ya yi ta kokawa da ƙararsa ta hanyar murɗa maɓalli. Gwani yana da doguwar waya mai kauri da ya saya musamman don wannan. Yakan kai janaretan mita talatin da wani abu, bayan katanga in da hali, ya juya bakin salansa ya kalli daji. Daga mita 4 zuwa 32 an ninka nisa biyu-biyu har sau uku, desibel 18 sun tafi, katangar kuma ta ƙara nata. Wanda yake so ya sami wannan ribar ta hanyar inji sai ya ninka amfilifayarsa sau sittin da 'yan kai.

Sai haɗa wayoyi. A bayan amfilifaya akwai jerin ƙusoshi da aka rubuta wa 4, 8, 16, wasu kuma 70 da 100. Lambobin farko om ne, ma'aunin yadda ƙaho ke turje wa wuta. Ƙaho biyu masu om 16, in aka haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama 8. Huɗu sun zama 4. In aka ɗaura su a ƙusar da ba tasu ba, injin ya yi ta zafi har ya mutu ana tsakiyar addu'a. Ƙusar 100 kuwa bolt ce, ta tafiya mai nisa ce. Siririyar waya mai tsawo tana cinye ƙarfi a hanya, don haka in za a kai sauti ɓangaren mata a bayan gida, sai a aika shi da bolt mai yawa, a sa ɗan tiransifoma a gindin ƙahon can ya sauke shi daidai buƙata. A nan ɗan batirin tocilan ke fitowa daga aljihu. Kafin ya ɗaura kowace waya, gwani yakan taɓa bakinta biyu a kan batirin. In ya ji ƙas daga saman gora, waya lafiya, koyil lafiya. In shiru, ya san akwai yankewa, ya bi ta da yatsa tun da sauran rana. Yana kuma kiyaye kada ja da baƙi su juye a ƙaho ɗaya, domin in wannan na turawa wancan na ja, sai su riƙa cinye juna a inda sautinsu ya haɗu, murya ta fita a shaƙe.

Kowa ya san kukan nan mai tsinka kunne da lasifika ke yi, ƙiiii, wanda ke sa jarirai firgita. Sautin ƙaho ne ya dawo ya shiga makirufo, inji ya ƙara masa ƙarfi ya sake fitar da shi, ya sake dawowa, ya yi ta zagaye yana girma. Turawa na jingina shi ga wani masanin Denmak mai suna Larsen. Kukan yana tashi ne da zarar abin da ya dawo ya kai ƙarfin abin da ya fara shiga makirufo. Maganinsa na farko tun wajen haƙa rami aka yi shi: gorar tana gaban malam, ƙahonin sun juya masa ƙeya. Na biyu shi ne rufe duk makirufon da ba a magana da shi, domin biyu a buɗe sun ci desibel 3 daga ratar da ake da ita kafin kuka. Na uku yana hannun mai magana. Za ka ga gwani ya durƙusa kusa da kujera yana cewa, "Allah gafarta malam, a ɗan matso da shi bakin, kamar yatsu uku." Dokar 6 ɗin nan ce ya juya ta yi masa aiki. Daga santimita 20 zuwa 5 an raba nisa biyu sau biyu, an sami desibel 12 a kyauta, ninki goma sha shida. Matasan mawaƙa da ke dunƙule kan makirufo a tafin hannu don burgewa, su ne ciwon kansa. 'Yan ramukan da ke bayan kan su ne ke sa makirufo ya ƙi jin abin da ke zuwa ta baya, in aka toshe su sai ya koma jin ko'ina.

Akwai maɓallai biyu da jahili ke murɗawa don nishaɗi, ɗaya na kaurin murya, ɗaya na kaifinta. Gwani yakan rage kaurin sosai. A 1933 wasu masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka auna yadda kunne ke jin sautuka daban-daban, suka tabbatar ba ya yi musu adalci. Ya fi kama masu girgiza sau 2,000 zuwa 5,000 a sakan, masu kauri kuwa sai an zuba musu ƙarfi mai yawa kafin ya kula su. Kuma abin da ke raba sa da sha, ko ka da ƙa, ko sinun da sadun a bakin mai karatu, can sama yake zaune, ba cikin kauri ba. Ƙaho ma ba a yi shi don kauri ba, in aka tilasta masa sai faifan ya yi ta dukan banza har ya yage. Wani abin mamaki shi ne, asalin amon muryar namiji yana ƙasa da abin da ƙaho ke iya fitarwa, duk da haka hawa da saukar muryar Hausa ba sa ɓacewa, domin kunne yana gano asalin daga 'ya'yan amon da suka tsira. Ido ɗaya na gwani kuma kullum yana kan 'yar jar fitilar da ke jikin inji. In ta fara ƙiftawa, injin ya kai iyakarsa ya fara datse kan sautin, murya ta zama garaje, koyil ya ɗau zafi. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wajen la'asar sakaliya ake gwaji. Gwani yakan tura yaronsa can ƙarshen fili, ya yi sallama a makirufo, sannan ya riƙa kiran lambobi barkatai, sittin da shida, saba'in da tara, yaron na maimaitawa da yatsu. Ƙara kowa na ji, abin da ake nema shi ne ko an gane. Daga nan ya bar yaron da makirufo, shi ya zaga filin da kansa, gefe da gefe, yana neman gurbin da sauti ya mutu da gurbin da yake zuwa biyu-biyu. In amsa-kuwwa ta makara da fiye da kashi ɗaya cikin ashirin na sakan, wato in hanyarta ta ɗara ta asali da kimanin mita 17, kunne ya daina haɗa su, ya ji kalma kan kalma. Dogon bangon siminti na iya jawo haka, ƙaho biyu da aka kafa nesa da juna suna fuskantar juna ma na iya jawowa, shi ya sa gwani ya fi son tara su a gora ɗaya ya buɗe bakunansu. A wannan yanki kuma ga duwatsu. Dutsen da ke nisan mita 170 zai maido da kalma bayan sakan ɗaya cur, daidai lokacin da malam ya shiga kalma ta uku. Ba a gardama da dutse, sai dai a juya masa gefe.

Duwatsun nan kuwa sun daɗe da sanin sauti. A Birnin Kudu, inda zanen shanu na mutanen zamanin da yake a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, a 1955 Bernard Fagg na gidan tarihi na Jos ya lura da wasu falalen duwatsu da in aka buga su da ɗan dutse suke amo irin na ƙarfe, jikinsu duk gurabun bugu na zamani mai tsawo. Ya buga labarinsu a 1956, daga nan aka shiga gano irinsu a wasu wurare. Falalen da ya zauna a kan 'yan wurare kaɗan, sauran jikinsa a sake, shi ke girgiza, kuma faɗinsa na tura iska mai yawa. Duk wanda ya fara zaɓo su daga cikin dubban duwatsun da ba sa amsawa, da bugu da saurare ya yi, taku bayan taku.

Saitin rana ba ya zama saitin dare. Da rana ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama ɗumi, sauti kuma ya fi sauri a iska mai ɗumi, sai ya lanƙwasa sama ya tsallake kawunan na nesa. Da dare ya yi nisa, musamman da hunturu, ƙasa ta huce, iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai ya lanƙwaso ƙasa ya bi doron fili. Haɗa wannan da shirun gari, shi ne dalilin da ya sa kiran assalatu na ƙauyen da ke da nisan tafiya ke shigowa ɗaki sarai, alhali na azahar daga masallacin nan ba a jin ɗuriyarsa. Iska ma haka take: sautin da ya bi ta yana saukowa, wanda ya tunkare ta yana tashi sama. Busasshiyar iskar hunturu kuma ta fi cin kaifin murya a doguwar tafiya. Don haka gwani ba ya barin gaban injinsa. Jama'a sun cika, jikinsu ya sha sauti, ya ɗan ƙara. Dare ya tsala, ya ɗan rage, saboda akwai marasa lafiya da tsofaffi a cikin gari. Malam ya yi zafi ya ɗaga murya, yatsansa ya riga shi sauka. An zo kabbara, ya ja baya kafin ta fashe.

Ina ganin a nan ne sana'ar ta zama amana. A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani naɗaɗɗen bututu mai ɗauke da ƙwayoyin ji masu gashi wajen 15,000. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Cibiyar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti goma sha biyar. Yaron nan na gindin benci mai shan 114, rabonsa na yini bai kai minti ɗaya ba, ga shi zai zauna awa uku. Ba zai ji ciwo a daren ba, sai dai ɗan shuuu a kunne in ya kwanta, wanda in aka yi ta maimaitawa wata rana ya ƙi tafiya. Najeriya na da dokar ƙayyade hayaniya ta hukumar NESREA tun 2009, amma ba jami'in da zai zo filin wa'azi a ƙauye da ma'auni. Yanzu wasu matasan masu lasifika na sauke manhajar auna desibel a waya, wadda ba ta kai na'urar gaske daidaito ba, sai dai tana nuna hanya. Tsofaffin hannu nasu ma'aunin daban ne: in mutum biyu a sahun gaba sai sun yi ihu kafin su ji juna, an wuce gona da iri. Kuma in ka ga gwani yana kora yara daga saitin bakin ƙaho, ba mugunta ba ce.

Washegari da hantsi aikin bai ƙare ba. In wani ƙaho ya yi garaje a daren, gwani yakan kwance yunit ɗinsa ya kai hanci, domin ƙonannen koyil ba ya ɓoye warinsa. Ya warware sukurori, ya ɗaga tsohon faifan a hankali. A jikin maganaɗisun akwai wani siririn rami zagayayye inda koyil ke shiga yana kai da komowa ba tare da ya taɓa gefe ba, kuma ƙurar hunturu da ɓarɓashin ƙarfe na son taruwa a nan. Yakan naɗe salatif, ɓangaren danƙon a waje, ya zura ya zagaya, ya sake da sabo har ya fito fes. Sannan ya zaunar da sabon faifai, ya ɗaura sukurorin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, don kada ya karkace. Ya taɓa batirin tocila, ya ji ƙas. Ya haɗa da inji a ƙaramin ƙarfi, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kunnensa a bakin yunit. In ya ji ɗan kaushi, koyil na gugar gefe, sai ya sassauta, ya gyara masa zama, ya sake ɗaurewa. Sai muryar ta fita tas yake mayar da yunit ɗin ƙeyar ƙaho, ya miƙa wa yaro wayoyin jiya ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya.